Lallen Ramatou a Bokitin Fenti

Duk wanda ya zauna a Panyu, can ƙasar waje, a shekarar wasannin Olamfik ya san Ramatou mai lalle, 'yar Maraɗi, matar Ilu mai lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ita ke yi wa matan 'yan kasuwa ƙunshi. Garin lallen kanti kuwa ko taɓa shi ba ta yi, wai warin magani yake. Nata yana baranda, cikin tsohon bokitin fenti da ta huda gindinsa da ƙusa. Irin daga tsakar gidan uwarta ta ƙullo shi a bakin zani.

To, sai ga sanyin farkon shekarar nan, wanda tsofaffin garin ma suka daɗe ba su ga irinsa ba. Yayyafi kamar allura, babu ƙaƙƙautawa. Lalle ya zubar da ganye tas, ya koma tsinken tsintsiya.

"Ki yar da icen nan mana," in ji Ilu. "Ya riga mu gidan gaskiya."

"Kai ka yi masa wanka?" Ta kankare reshe da farce, ta nuna masa kore a ƙarƙashi. "Da ransa, Malam."

Ta ja bokiti ɗaki. A gidansu kaskon garwashi ake kai wa maijego idan sanyi ya yi, don haka ta hura gawayi a tsohuwar tukunya ta ajiye masa. Hayaƙi ya bi ta ƙasan ƙofa. Nan da nan sai ga mai gidan haya, wani tsoho siriri da suke ce wa Laoban, wato maigida a yaren garin, yana tari yana dukan ƙofa.

"Meyo! Meyo!" Wato babu. Ya nuna tukunya, ya nuna bokiti, ya nuna hanyar shara.

Ramatou ta sheƙa wa garwashi ruwa a gabansa. Sannan ta tsaya tsakaninsa da bokitin, hannu a ƙugu.

"Laoban, gida naka ne, na kashe wuta. Lalle nawa ne. Malam, faɗa masa haka, kada ka rage komai."

Ilu ya rage, ba shakka. Amma tsoho ya ga idonta, ya juya.

Ta naɗe bokitin da buhun lodi, ta ɗaure da igiya, ta lulluɓe rassan da bargonsu. Ruwa ta ɗauke masa, sai ɗan yayyafi idan ƙasa ta bushe, don ta lura jiƙa ke ƙara masa sanyi. Rana na leƙowa sai ta ja shi bakin taga.

"Yanzu bargon namu kika ba ice?"

"Kai kana da baki, ka yi ta ƙorafi ka ji ɗumi. Shi fa?"

Haka suka yi har sanyi ya gaji ya tafi. Wata safiya sai ga 'yan toho ja-ja a jikin reshe. Shayin Ilu kawai ta ajiye masa a gefen bokitin.

Lokacin da aka fara wasanni, kowane shago talabijin na ihu, lalle ya cika da fararen furanni, ƙamshi har matattakala. Tana dakan ganye don ƙunshin wata amarya, Surayya, sai ga tsoho a bakin ƙofa, yana shaƙa yana murmushi. Ya miƙo hannu, wai a ɗan karyo masa reshe.

Ramatou ko ajiye taɓarya ba ta yi ba.

"Meyo, Laoban."