Tsinke da Igwar da Ta Daina Girma

"An ce sabuwar igwar ma faɗin bakinta inci sha biyar ne."

"Ba ƙari?"

"Ko na farce. Wai manya sun ce girman ya isa haka."

"To wa zai gaya wa Tsinke?"

"Ba dai ni ba."

Tsinken da suke nufi shi ne Cuddy Elstob, kuma yana jin su, don yana bayan tulin ƙarafa yana cin burodinsa na biyu. A masana'antar igwa ta bakin kogin Tyne aikinsa ɗaya ne: a ɗaura masa igiya, ya riƙe fitila, a ja shi ta cikin bututun igwar jirgin yaƙi ya duba ko akwai tsaga. Ya shiga ta gindi, ya ɓullo ta baki. Sunan ya samo shi tun yana saurayi, lokacin da iska mai ƙarfi kan sa ya rungumi turken fitila. Da wannan aikin yake taƙama a mashaya, wai babu igwar da ta taɓa tashi sai da ta fara haɗiye shi.

Sai ya auri Hilda. Ita kuwa ba ta yarda da tukunyar da babu kitse ba. Cuddy ya fara buɗewa. Aka yi sa'a ita ma igwa tana buɗewa, don duk ƙasar da ta ƙera babba sai maƙwabciyarta ta ƙera uwarta. Shi da igwa suka riƙa girma tare kamar tagwaye. Ko labarin zaman lafiya ya ji a jarida, sai ransa ya ɓaci.

Ya miƙe ya tari Tulip, shugaban sashensu.

"Maigida, ina inci sha takwas ɗin da aka yi ta zance?"

"An gwada, Tsinke. Da ta tashi, katakon jirgin ya ɗaɗɗago, farantan kicin suka zama gari. Ka ƙara mata baki, sai ka ƙara wa jirgi faɗi kada ya kife. Ka ƙara faɗin, babu tashar gyaran da zai shiga. Za ka haƙa mana sabon kogi?"

"Inci ɗaya kacal."

"Kai ka rage ɗayan. Ranar Juma'a ka wuce ta cikinta, ko ka kama tsintsiya."

Ya yi ƙoƙari, a gaskiya. Ruwan shayi kawai ya sha har Laraba, sai Hilda ta zauna tana kuka wai ya samu wata mai dafa masa a waje. Dole ya wanke kansa da faranti uku.

Ranar Juma'a ya tuɓe riga, ya shafe jiki da man inji, ya miƙa hannuwa gaba. Abokinsa Norrie ya kama igiya. Kafaɗa ta wuce, ƙirji ya wuce da gardama, tumbi ya ce nan ne gida.

"Numfasa waje, uban ciki," in ji Norrie daga wajen bakin igwar.

"Na fitar da duk wanda nake da shi. Ja."

"Ko mu sa albarushi a bayanka mu aika wa Jamus?"

Mutum shida suka koma ta gindi suka kama ƙafafunsa. Ya fito kamar toshiyar kwalba, wando kuwa igwa ta riƙe shi a matsayin nata rabon. Tulip ya jingine masa tsintsiya a gefe ya wuce.

Hilda na bakin ƙofa da kwanon abincin rana a lulluɓe, ƙamshin nama da dankali na tashi. Cuddy ya dubi igwar da ta ci amanarsa, ya dubi tsintsiyar, ya ga ita dai ba ta da bakin da za a auna mutum da shi. Ya ja buhu ya rufe cinyoyinsa.

"Uwargida, miƙo kwanon nan. Gobe kuma ki ƙaro kitse."