Ranar da Na Je Lyon Jin Gangar Ɗan Farina

Ni ban yi lakkol ba, wato boko. 'Yata ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara mini baki.

Ɗan farina makaɗi ne. A Damagaram inda na fito, gidanmu mu ake yi wa kiɗa, ba mu yi wa kowa. Shi kuwa a nan Stains, kusa da Paris, aka haife shi. Ya tafi Ingila karatu, sai ga shi ya dawo da Turawa uku da wata tsohuwar mota cike da ganguna da jita. Wani dogo mai gashi har kafaɗa shi ke waƙa, ido rufe, kamar wanda ciki ke murɗa. Nawa yana can baya, ganguna biyar shi kaɗai.

Shekara bakwai suka yi tare, faifai biyu. Sau ɗaya aka taɓa sa waƙarsu a rediyo, 'yata ta yi ta tsalle har maƙwabta suka buga bango. In sun zo Paris wasa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Belleville, a falona suke sauka. Sun ci tuwona da miyar kuka har dogon ya iya cewa "a ƙara, Inna." Amma wurin wasan ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Wata rana ya kira ni.

"Inna, za mu watse. Mai waƙa ya samu aikin koyarwa, ɗayan matarsa ta haihu. Asabar da la'asar za mu yi na ƙarshe a Lyon. Ki zo ki ji ni ko sau ɗaya."

"Ni in hau jirgin ƙasa don hayaniyar Turawa?"

"Ke da kika je har Marseille sunan jikar maƙwabciya?"

Na kashe wayar. Asabar da safe na ɗaura zanena mafi kyau, na ce wa 'yata ta tashi mu tafi.

A bakin kogi aka yi, ana yayyafi. 'Yan kallo ba za su cika bas guda ba. Waƙar ban gane ko kalma ba. Amma a tsakiya sauran suka yi shiru, suka bar shi, sai na ji kiɗan bikin garinmu, wanda nake sa masa a kaset yana rarrafe. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Uwata ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba, kuma kowa ya san shi ne ranta.

Da aka tashi, na bi Turawan ɗaya bayan ɗaya ina sa musu albarka, 'yata na fassarawa. Dogon har da hawaye. Nawa yana tsaye da sandunansa, gumi da ruwa sun jiƙa shi.

"Inna, ni fa?"

"Ka sa riga, mura za ta kama ka."

Duk matar Damagaram da ta ji wannan ta san me na faɗa. Shi kuwa ya tashi cikin yaran da uwayensu ke sumbatarsu a ƙofar lakkol. Ya yi 'yar dariya, ya gaya wa ƙanwarsa wata magana da Faransanci, ya juya yana kwance ganguna. Sai a cikin jirgi ta yarda ta fassara mini. Cewa ya yi, "Ta zo har nan don ta nuna mini ni ba kowa ba ne."

A watan ya sayar da gangunan. Ya zauna Lyon, yana tuƙa bas ɗin gari. Kowace Juma'a yana kira, mu gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gwiwata. Sau ɗaya na daure na ce, "Ranar nan a bakin kogi…"

"Bari, Inna, ya wuce."

Sai na tambaye shi ko ya ci abinci.