Haƙorin da nake gwada shinkafa da shi

Shekarun baya, abu uku na kusa rasawa a lokaci guda: barcina, kunnena na dama, da sunan da na yi a kasuwar Haɗeja. Kaina kullum kamar an ɗaure shi da robar ɗaure kaya, kunnen kuma yana ta kukan gyare ba hutu. Har ta kai manomi zai faɗi farashi in ce ya maimaita, ni da ake tsoron ciniki da ni.

Sana'ata sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Ba a yi mini cuwa-cuwa. In na zura hannu a buhu, sai in jefa ƙwaya a baki in ciza. Busasshiya ƙas take yi. Mai danshi kuwa lumus, sai in ture buhun in wuce.

An auna jinina, lafiya. An wanke kunnen, an ba ni maganin mura, duk a banza. Abu ɗaya na lura da shi: da azumi ya kama sai ciwon ya lafa, bayan salla ya dawo. Mahaifiyata ta ce, "To, me ya rage? A watan da ake ɗaure shaiɗanu kake samun sauƙi. Ɗan nan, ka taka wani abu a fadama." Na yarda. Na sha ruƙiyya da hayaƙi har rigunana suka koma warin banda.

Ganin ba sauƙi, abokina ya ja ni wurin wani likitan kunne. Na ba shi labarin azumin ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ban da ci da sha, me kake bari da azumi?"

Ina cikin tunani, hannuna ya shiga aljihu da kansa, na jefa ƙwaya a baki. Ƙas!

Ya zuba mini ido. "Sau nawa kake yin wannan a wuni?"

Abokina ya ce, "Likita, ai ko a wurin zaman makoki yi yake."

Likitan ya ce, "Da azumi fa?"

Nan take na gane. Da azumi ba na kai ƙwaya baki.

Ya ce in sa ɗan yatsa cikin kunnen in buɗe baki. Wallahi sai na ji ƙashi yana motsi a ƙarƙashin yatsana, yana ƙaras ƙaras. Ya ce mahaɗin muƙamuƙi ne, mai buɗewa da rufewa kamar ƙofa, maƙwabcin kunne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. In ya gaji, yakan kai ƙara kunne, ya ɗaure kai. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan ƙofa a kaina ban san da ita ba, kuma ƙwayar da ba ta kai farce ba ita ke girgiza ta. Tsarki ya tabbata ga wanda ya haɗa jikin ɗan Adam.

Na daina cizo. Yanzu filaya nake yawo da ita don gwada ƙwaya, 'yan kasuwa na tsokanata wai bakanike ya zo. Filaya ba ta kai haƙori gaskiya ba, don haka wani lokacin mai danshi takan wuce ni. Gyaren ma bai tafi duka ba, yakan leƙo in na gaji.

Amma in an yi lissafi, na yi asarar haƙori ɗaya a ciniki, na samu barcina. Kuma ranar da na tsaya a bakin kogi na ji gyare na kuka, na toshe kunne, kukan ya ɗauke. Ashe na waje ne.