Shingen Ƙirya a Kan Fako

Jiya da hantsi maƙwabcinmu yana faskare, sai gatarinsa ya faɗa kan guntun ƙirya. Ƙirya ba ta amsa gatari kamar sauran itace, ƙara take yi kamar an bugi ƙarfe. Na ajiye tsintsiya na zauna, don da wannan ƙara na tashi a gidan kakana.

Ƙauyenmu yana tsakanin Araba da iyaka, a lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Mahaifiyata ta rasu ina goye, shi ya sa aka kai ni wurin kakana da goggona. Da nonon wata jar saniyarsa aka raine ni, har mutane suna tsokanata cewa ita ce uwata.

Ka san ƙasar wajenmu. Inda ke da laushi na gero ne, ba mai ɗaure dabba a can. Abin da ya rage wa shanu shi ne fakon bayan gari, marmara zalla, in ka sara da dagi sai wuta ta tashi. Ba a gina rami a wurin, balle a kafa dirka. Don yin shinge, kakana sai ya riƙa gicciya itacen ƙirya biyu kamar ƙafafun mutum a tsaye, ya ɗaure wuyansu da ɓawon kalgo da ya kwana a ruwa, ya aza doguwar sanda a tsakani, sannan ya tara duwatsu a gindinsu. Ɓawon yana bushewa sai ya matse, ko bijimi ya jingina ba ya motsi. Rani uku ya yi yana ɗauko ƙiryar a kan jaki daga dajin arewa, don ita gara ba ta ci. Da yamma yakan zagaya shingen yana dafa kowane itace, ni kuma ina zaune kan duwatsun da ƙwaryata, ina jin ɗumin rana da ya rage a jikinsu.

Wata safiya, gab da faɗuwar damina, mai gari ya zo da wasu mutum huɗu da ba mu sani ba. Mai garin tare suka yi ƙuruciya da kakana, amma ranar nan bai iya kallon idonsa ba. Ya ce Bature zai gina bariki a bakin hanyar iyaka, ana neman busasshen itace mai ƙarfi.

"Shanun hwa, ina zan kai su?" in ji kakana.

Mai gari ya ce, "Ni ma aiko ni aka yi."

Ɗaya daga cikin baƙin ya zaro wuƙa zai yanke ɗaurin farko, kakana ya riƙe hannunsa. Na ɗauka faɗa za a yi. Sai na ji ya ce, "Bari in kwance da kaina." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da farce da haƙori, har yatsunsa suka yi jini. Kafin azahar babu abin da ya rage sai tulin duwatsu a zagaye, shanu suna tsaye a tsakiya, ba su ma san an buɗe musu ba.

Dajin arewa kuwa ya riga ya faɗa ƙasar Faransa, wanda aka kama yana sara a can ba ya dawowa da wuri. Kakana ya ja ƙaya ya kewaye wurin. Amma ƙaya ba ta da abin kamawa a kan dutse. Iskar hadarin farko ta kwashe ta, shanu suka faɗa gonar maƙwabcinmu, gero yana ganye huɗu. Aka sake ja, aka sake yi. Mutumin nan ko ƙara bai kai ba, shi da kansa ya koro su har ƙofar gida, ya gaishe da kakana ya juya. Da zagi ya yi, ina jin da ya fi wa tsohon sauƙi.

A makon nan kakana ya kira wani Bafillatani amininsa ya ba shi kiwonsu. Na bi jar saniyar har bakin fadama ina kuka, goggona ta zo ta ɗauke ni.

Bayan damina biyu Bafillatanin ya dawo shi kaɗai. Ciwon bushiya, annobar shanu, ya shiga garkensa, ya kashe nasa da namu duka. Ya kwance wani ƙulli, ya jera wutsiyoyi a gaban kakana don shaida, sannan ya rufe fuska da rawaninsa. Kakana ya tsinci ja daga ciki ya miƙo mini.

"Ɗiyata, riƙe wagga," ya ce. Daga nan ya tashi ya kawo wa baƙonsa ruwa.

Bai sake kiwon ko akuya ba. Bai yi ciwon kwanciya ba, zama kawai ya yawaita a zaure, har shekarar da ya rasu.

Yanzu mutum ya je kasuwar Illela ya sayo waya da ƙarfe, a zuba siminti, kwana biyu an gama shinge, kuma ban ce bai fi ba. Bara jikana ya kai ni ƙauyen a mota. Fakon nan ya zama wurin da manyan motoci ke jiran tsallaka iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi suna shan shayi. Ɗayansu ya ga na daɗe a tsaye, ya ce, "Inna, wani abu kika yar?" Na ce masa a'a, shanu ne a nan da. Ya dubi dutsen, ya dube ni, ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarmarsa.