Kazar Gobe

Tun shekarar da malaman gona suka raba kaji da irin kayan lambu a ƙauyen, wai don yara su daina kwana da yunwa, Kawu ya zama abin misali. Kajinsa sun cika tsakar gida, har ƙarƙashin gado suke ƙwai. Amma wa ya isa ya taɓa? In matarsa ta miƙa hannu, sai ya daka mata tsawa: "Ke, wannan ba ƙwai ba ne, kazar gobe ce!" Alayyafon bayan ɗaki kuwa, kaji ke fara ci, mutanen gida su tsinci saura.

Ba wai Kawu marowaci ba ne, Allah ya kiyaye. Yakan yanka kaza, in ta kamu da ciwo ya ga ba za ta kai labari ba.

Ran nan wata baƙar kaza ta sunkuyar da kai tana gyangyaɗi. Autansa ya sheƙo, baki har kunne: "Baba, albishirinka, baƙar nan ba ta da lafiya!"

Kawu ya ɗura mata magani. Da yamma ta miƙe garau. Gidan ya yi tsit, sai ka ce an yi rasuwa.