Shekarar da Hafilar Baba Ta Zauna a Gida

Ana gab da ɗaukar azumin shekarar 2020, wata rana da hantsi, Baba ya shigo da hafilarsa har tsakar gidanmu a Mai Wurno. Ƙaramar bas ce fara, wadda yake jigilar mutane da ita zuwa Sennar. Sai da muka janye igiyar shanya kafin ta sami wuri a gindin darbejiya. Ya kashe ta, ya sauko, ya ce wa Inna, "An rufe hanya saboda korona. Sai yadda Allah ya yi." Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ban taɓa ganin ubana a gida da rana tsaka ba, in ba ranar Idi ba.

Mu yara daɗi muka ji. An rufe makaranta, ga mota an ajiye mana. Ƙanena Ɗahiru ya zama direba, ni ce mai kiran fasinja, 'ya'yan maƙwabta su cika kujeru mu yi ta tafiya birnin Madani ba mu motsa ba. Kaji ma suka gano ƙarƙashin kujerar baya suka fara saka ƙwai. Amma tukunya ta canja. Nama ya ɓace daga miya, shayi ya rasa madara, kisrar da Inna take kaiwa tasha, wato siririyar wainar dawa, babu mai saye, don tashar ta zama kango. Baba ya sayar da batirin motar ya sayo dawa. Daga nan ya ari fartanya ya bi ƙanensa Baffa Usman bakin kogi noman kuɓewa. Hannunsa ya yi bororo, ni nake shafa masa man riɗi, yana dariya yana cewa, "Sitiyari ya lalata ni." Da yamma yakan zauna kan gadon igiya ya koya mana Hausar da muke ta cakuɗawa da Larabci, ya gyara mana magana yadda kakarsa take faɗa.

Da damina ta yi nisa na lura Inna tana yawan jingina da bango. Sai da na girma na san cewa tun haihuwar Ɗahiru likita ya gargaɗe ta kada ta sake ɗaukar ciki, kuma maganin hana ɗaukar cikin da take karɓa a ƙaramin asibitin garinmu ya yanke a watannin kulle. Ba ita kaɗai ba ce. A layinmu mata da yawa suka yi nauyi a shekarar, har tsofaffi suna zolaya cewa, "Maza sun zauna gida, ga abin da aka samu." Ni na karɓi aikin kisra. Na ƙone yatsu kafin na iya shimfiɗa ƙullun siriri a kan kasko, Inna tana kwance tana kallona, ƙafafunta a kumbure. Ko da aka buɗe hanya, hafila ba ta tashi ba, don babu batir, man gas kuma ya yi wuya.

Naƙuda ta zo da safe a cikin sanyi. Hajja Hawwa ungozoma ta daɗe a ɗaki, sannan ta fito ta ce wa Baba, "Wannan ta fi ƙarfina. A kai ta Sennar yanzu." Na ga ya dubi motar, fuskarsa ta yi wani iri. Baffa Usman ya ruga ya tsiyayo gas daga injin ban ruwa. Wani maƙwabci ya kwance batirin taraktar da yake tuƙawa, amma batirin ya yi sanyi, bai iya tayar da hafilar ba. Sai maza suka cire rawani suka sa kafaɗa, mata ma suka kama, muka tura ta har bakin titi, kaji suna tsalle ta taga. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Aka sa Inna a ciki, Baba da Baffa suka tafi da ita. Na tsaya cikin hayaƙin ina kuka. Da la'asar Baffa ya dawo ya ce an yi wa Inna aiki, an ciro mace, dukansu suna numfashi. Baba ya sa mata suna Salama. Inna ta jima ba ta miƙe ba, kuma har yau ba ta iya ɗaukar tulu.

Yanzu Salama ta isa shiga makaranta, bakinta ya fi na kowa kaifi. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu daga baya ya watsa mutanen layinmu, wasu ban san inda suke ba, Baba kuma yana tuƙa motar wani a gari mai nisa, sai muryarsa a waya. Idan ana hirar korona kowa tsoro da yunwa yake tunawa, kuma gaskiya ne, na gan su da idona. Ni dai kewar shekarar nake yi, ko da yake ina jin nauyin faɗa.