Haƙarƙarin da tari ya karya

Shekarar da ɗiyar yayana ta baro garin Bobigny ta zo birnin Lyon karatu, nan Faransa, a wurina ta sauka. Shekarunta goma sha tara. Tun tana jinjira aka gano tana da mukobisidoz, ciwon gado mai sa majina ta yi kauri a huhu, ya kuma hana ciki narkar da maiƙo. Iyakar sanina da ciwon ke nan, sai jakar magunguna da ta cinye mini rabin kabad.

Lokacin ina fama da hawan jini, na yi sallama da mai. Miyar kuɓewa salam, gasasshen kifi, farar shinkafa. A zatona alheri nake yi mana mu biyu. Ita kuwa don kunya ba ta taɓa cewa uffan ba.

Wata safiya cikin sanyi, tana ɗaura takalmi tari ya sarƙe ta. Ta dafe gefenta, ta zauna a ƙasa.

"Gwaggo, wani abu ya yi ƙara a nan."

A asibiti, hoton ƙirji ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage. Likitar ta tambaye ni ko faɗuwa ta yi, na ce tari ne kawai. Aka ɗebi jini, aka auna ƙarfin ƙashi. Da muka koma, ta ce bitamin D ya kusa ƙarewa a jininta, ƙasusuwanta sun yi rauni kamar na tsohuwa.

Na ce ai da idona nake ganin tana shan bitamin kowace safiya.

"Da me kike haɗiyarsa?" likitar ta tambaye ta.

"Da shayi."

Ta bayyana mana cewa wannan bitamin ba ya shiga jini sai da maiƙo, mai irin ciwon kuma sai ya haɗa da ƙwayoyin narkar da abinci. Ga baƙar fata, ga watanni babu rana, alhali da hasken rana fata ke samar da shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce me muke ci a gida. Na lissafa mata. Wata biyar ina yi mata wannan girkin.

Aka ƙara mata yawan bitamin, aka ce ta riƙa sha a tsakiyar abinci mai maiƙo.

A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na kira Yaya. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Washegari matarsa ta iso a jirgin ƙasa, da kwalbar man gyaɗa a jaka. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba. Tana soya albasa ta ce, "Ban faɗa miki ba ne don na ɗauka kowa ya sani."

Bayan wata uku jinin ya gyaru. Ƙashi kuwa, likitar ta ce sai an yi haƙurin shekaru. Na sayi tukunya ta biyu don girkinta, amma na daɗe ina tsayawa cak duk sanda na ji ta yi tari.